KWAMFUTA TA MUTU A SILET, GARANTI KUWA YANA ALJE

Jama'a, Hausawa na cewa alkawari kaya ne. To amma akwai wani irin alkawari na zamani da ake rubutawa a takarda, a buga masa hatimi, a cusa shi cikin kwali tare da kaya, wanda in ba a yi hattara ba, mai sayen ne zai wayi gari ɗauke da kayan shi kaɗai. Wannan alkawari shi ne garanti. Mu malaman makaranta na nan Silet mun ɗanɗani abin da ke cikinsa a shekarar karatun da ta wuce, mun sha wuya, mun kuma koyi darasi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu baje wa 'yan'uwa labarin a wannan shafi, domin in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ga wanda bai san garinmu ba, Silet na yamma da Tamanrasat, tafiyar fiye da kilomita 100 a mota, gaba da Abalessa inda kabarin Tin Hinan yake. Daga Tamanrasat zuwa Alje, babban birnin ƙasa, kusan kilomita 2,000 ne. Mai karatu ya riƙe waɗannan lissafi biyu a ransa, domin su ne ƙashin bayan wannan labari.

YADDA ABIN YA FARU

Yau aikin malanta ba ya tafiya sai da kwamfuta. Da ita muke buga tambayoyin jarrabawa, da ita muke tara makin yara, ta intanet kuma ake shigar da sakamako. Saboda haka mu huɗu muka yi karo-karo, muka haɗa dinari 90,000, watau miliyan tara a lissafin santim da aka saba da shi a kasuwa, muka aika ɗayanmu Tamanrasat a watan Oktoba ya sayo mana kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira portabul. Sabuwa ce fil a kwalinta. Mai kantin ya ba da faktir, watau rasit, ya kuma cika takardar garanti ta shekara ɗaya. Allah ya taimake mu wanda muka aika mutum ne mai adana takarda, ya zuba su cikin jakar da yake ajiye takardun haihuwar 'ya'yansa.

Wata bakwai tana aiki ba abin da ya same ta. Sai a watan Mayu, ana tsakiyar jarrabawar zango na uku, muka kunna ta da safe, fitila ta kama, fanka na juyawa, amma gilashin baƙi ƙirin. Muka kashe muka kunna, muka cire caja muka mayar, shiru kake ji. A cikinta akwai makin azuzuwa huɗu da tambayoyin da muka kwana uku muna shiryawa. Makon nan da hannu muka sake rubuta kome, wasunmu har bayan sallar asuba suna kan lissafi.

Da yake Juma'a da Asabar ne hutunmu, ran Asabar aka kai ta kanti. Mai kantin ya juya ta, ya leƙa ramukan iska, ya hura, ƙura ta tashi. Nan take ya ce ai wannan aikin ƙura ne da zafi, garanti kuwa bai shafi ƙura ba. Da aka matsa masa sai ya ce shi mai sayarwa ne kawai, garanti na kamfani ne, masu gyaran kamfani kuma suna Alje, in muna so zai aika musu, amma mu za mu biya kuɗin mota. Muka biya. Wata biyu cur ba labari. Duk wanda zai shiga Tamanrasat a cikinmu sai ya biya ta kantin, kullum amsar ɗaya ce, ba ta dawo ba tukuna. Da ta dawo, ta zo da 'yar guntuwar takarda da Faransanci, wai uwar allon ciki, wadda masu gyara ke kira kart-mer, ita ce ta ƙone saboda rashin iya amfani, in muna son gyara sai mu biya abin da ya haura rabin kuɗin da muka saye ta.

A nan ne yawancin mutanenmu kan ce a bar wa Allah. Mu ma saura kaɗan mu faɗi haka. Abin da ya hana mu shi ne wani abokin aikinmu mai koyar da tarbiyyar zama ɗan ƙasa, wanda ya ce kunya ce a gare shi ya koya wa yara haƙƙin ɗan ƙasa da safe, da yamma kuma ya yafe nasa don bai sani ba. Shi ya nemo mana dokar a Jaridar Hukuma, muka zauna muka karanta ta bi da bi. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Abu na farko da muka gane shi ne garanti iri biyu ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera kaya, wanda kyauta ce yake yi bisa sharuɗɗan da ya ga dama. Akwai kuma garantin doka, wanda tilas ne, ba alfarma ba. Mu da yawa mun san na farkon ne kawai, shi ya sa da mai kanti ya ce mana "ku je ku nemi kamfani" sai mu yi sanyi.

Tushen garantin doka a Aljeriya shi ne doka mai lamba 09-03 ta ranar 25 ga Fabrairu, 2009, wadda ta shafi kare mai saye da yaƙi da algus. Sashe na 13 na dokar ya ba duk wanda ya sayi na'ura ko inji ko mota garanti da ƙarfin doka, ya kuma soke duk wani sharaɗi da ya saɓa wa haka. Watau ko da an rubuta a jikin kanti cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, wannan rubutu bai share haƙƙin wanda ya sayi kaya mai aibi ba. Dokar ta kuma ba mai saye damar gwada kaya, ta yanka tarar dinari 100,000 zuwa 500,000 a kan wanda ya ƙi cika garanti.

Bayani dalla-dalla yana cikin dokar zartarwa mai lamba 13-327 ta ranar 26 ga Satumba, 2013. Ga muhimman abubuwan da muka tsinta a cikinta:

Na ɗaya, garantin sabon kaya ba zai gaza wata 6 ba, na kayan hannu kuwa, watau wanda aka riga aka yi amfani da shi, ba zai gaza wata 3 ba. Wani ƙuduri na haɗin gwiwar ministoci na ranar 14 ga Disamba, 2014 ya fayyace wa'adin kowane irin kaya, inda kwamfuta ta sami wata 12.

Na biyu, hanyar cika garanti uku ce: a gyara, ko a sauya, ko a mayar da kuɗi, ba tare da mai saye ya ƙara ko kwabo ba. Idan kuma lalacewar ta yi ta maimaituwa, to sai dai sauyi ko mayar da kuɗi.

Na uku, ɓatan takardar garanti ba ya kashe garanti. Faktir ko tikitin kanti ko wata shaida makamanciyarta ta isa.

Na huɗu, akwai wa'adi. In mai saye ya kai ƙorafi aka yi kwana 30 ba a cika garanti ba, sai ya aika wa mai kaya gargaɗi a rubuce ta wasiƙa mai rajista, wadda ake sa hannu a kan an karɓa. Daga ranar sa hannun, mai kaya na da wasu kwana 30 ya cika alkawari.

Na biyar, idan kaya suka zauna wurin gyara, ana ƙara wa wa'adin garanti aƙalla kwana 30.

Har ila yau akwai wata dokar zartarwa mai lamba 21-244 ta shekarar 2021, wadda ta wajabta wa masu ƙera kaya da masu shigo da su su tanadi hidimar gyara da kayan gyara bayan garanti ya ƙare.

Abin lura, dokar ba ta tambayi ƙabilar mai saye ko harshensa ko garin kakanninsa ba. Mai saye ta ce. Muna faɗin haka ne don mun san da yawa daga cikin mutanenmu na jin nauyin shiga ofis, suna ganin kamar irin wannan haƙƙi na wasu ne. Ba haka ba ne.

Da muka fahimci wannan, sai muka rubuta wasiƙa da Larabci, shafi ɗaya tak. Muka faɗi ranar saye, da lambar faktir, da lambar jikin kwamfuta, da ranar da muka kai ta, muka ambaci lambobin dokokin nan biyu, muka nemi ɗayan abu uku da doka ta tanada. Muka kuma nemi in an ce laifinmu ne, to a buɗe ta a gabanmu a nuna mana. Babu zagi, babu barazana. Muka kai gidan waya aka yi mata rajista. Kafin mako uku mai kantin ya kira da kansa, muryarsa ta sauya, ya ce a kawo ta. An sake aikawa da ita Alje, wannan karon ba da kuɗinmu ba, aka sauya uwar allon. Ta dawo hannunmu a watan Satumba, bayan wata huɗu. Kuɗin motar farko da na zirga-zirgar Tamanrasat sun tafi ke nan, wahalar watan Mayu kuma ba mai biyan mu. Amma dai miliyan tara ba su bi ruwa ba.

SHIN ƘURA CE KO AIBIN ƘIRA?

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ce ƙasarmu na da sauƙi ga na'ura ba. A cikin kowace kwamfutar tafi-da-gidanka akwai 'yar fanka da ke zuƙo iska daga ƙasa ko gefe, ta hura ta ta cikin wasu siraran ƙarafa da ke kwashe zafin ƙwaƙwalwar na'urar. In ƙura ta taru a bakin ƙarafan nan sai ta dunƙule kamar auduga, iska ta kasa wucewa, zafi ya taru. Na'urar kan rage gudu don ta kare kanta, in abin ya yi yawa ta kashe kanta. Yawan zafi da hucewa kullum na sa dalmar da ta liƙe ƙananan sassa a jikin uwar allo ta tsage a hankali. Batir ma zafi ne babban makiyinsa, yana rage masa kwana, wani lokaci har ya kumbura ya ɗago madannai.

Kamfanoni da yawa kan rubuta a littafin da ke cikin kwali cewa a yi amfani da na'urar a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Tamanrasat tana kan tudu, sama da mita 1,300, don haka tana da ɗan sauƙi. Silet kuwa ta fi ta gangarowa, da bazara zafi kan kai digiri 40 har ya wuce, ga iskar rairayi da ba ta sallama kafin ta shigo ɗaki. Ashe ke nan tun daga ranar da aka sayar wa mutumin Silet kwamfuta, an riga an ajiye hujjar da za a ƙi gyara masa. To tambayarmu ita ce, in an san kayan ba su dace da Sahara ba, don me ake karɓar kuɗin mutanen Sahara? In kuwa sun dace, don me ƙura za ta zama amsar kowane ƙorafi tun kafin a kwance ko da kusa ɗaya?

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai aka taɓa gaya wa irin wannan magana. Tarihin wannan sana'a cike yake da lokutan da laifin na masana'anta ne. A watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya janye batir miliyan 4.1 na kwamfutocinsa, kamfanin Apple ya janye miliyan 1.8, dukkansu ƙirar Sony, saboda wasu sun kama wuta. A 2008 kamfanin Nvidia na Amurka ya amsa cewa sashen sarrafa hoto da ya ƙera wa kwamfutoci masu yawa na da rauni, yana lalacewa saboda zafi da hucewa, ya ware dala miliyan 196 don biyan ɓarnar. Abin ya shafi kwamfutocin HP da Dell da Apple, alamarsa kuwa ita ce na'ura ta kama amma hoto ya rikice ko gilashi ya zauna baƙi. Matakin farko da wasu kamfanonin suka ɗauka shi ne sauya tsarin na'urar don fanka ta riƙa yawan juyawa, daga baya aka tsawaita garanti, aka kuma sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a 2010.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na madannan da Apple ya fito da su a 2015. An yi su sirara ƙwarai, har ɗan ƙwayar ƙura kan hana harafi bugawa ko ya sa ya bugu sau biyu. Da farko shawarar da aka ba mutane ita ce su hure ƙurar da iska. Sai a 2018 kamfanin ya buɗe gyara kyauta na tsawon shekara huɗu daga ranar saye, daga baya ya watsar da ƙirar baki ɗaya, a 2022 kuma ya yarda ya biya dala miliyan 50 don kashe ƙarar masu saye a Amurka. Jama'a ku duba, wannan fa ƙurar ofisoshin Amurka ce mai na'urar sanyaya ɗaki, ba ta Ahaggar ba.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda biyu ne. Na farko, kalmar "rashin iya amfani" ba hukuncin alƙali ba ce, ra'ayin wanda zai yi asara ne in ya amsa laifi. Na biyu, waɗanda aka biya su ne masu shaidar saye, waɗanda suka haɗa kai suka yi magana da murya ɗaya. Wanda ba shi da takarda, ko yana da gaskiya, ba ya cikin lissafi.

INDA MUKE CUTAR KANMU

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mun gama da kamfani da mai kanti, dole mu waiwayi kanmu.

Mu mutane ne da cinikinmu ya ginu a kan amana. Kakanninmu sun yi fatauci tsakanin Kano da Agadas da wannan yanki ba tare da rasit ba, kalmar dattijo da shaidar dillali sun isa. A kasuwar dabbobi in ka sayi raƙumi ko rago ka tarar da ɓoyayyen aibi, ka san mai shi, ka san dillalin, za a zauna a warware. Amma kwamfuta ba haka take ba. Wanda ya ƙera ta yana Sin, wanda ya shigo da ita yana Alje ko Satif, wanda ya sayar maka yana Tamanrasat, ba wanda ya san wani a cikinsu sai ta takarda. Duk da haka har yau ɗan'uwanmu kan ji kunyar ya ce wa mai kanti, musamman in Bahaushe ne ɗan'uwansa, ya rubuta masa faktir, wai kada a ce bai yarda da shi ba. Wani kuma akan rage masa dinari dubu biyu a kan ya tafi ba takarda, ya yi murna ya ci riba. Araha dai ba ta ado.

Sa'an nan akwai kwamfutocin da ke shigowa a jaka. Wani ɗa ya aiko wa ƙaninsa daga Faransa, wani ya sayo a Dubai, wani a Kano ko Agadas, wasu kuma 'yan kaba ne ke kawowa. Ba mu ce kayan ba su da kyau ba, sau da yawa ma sun fi ƙarko. Amma a sani garantin kamfani yawanci na yankin da aka fara sayar da kayan ne, kuma lissafinsa kan fara tun daga sayarwar farko, ba daga ranar da suka shigo hannunka ba. A ƙasashen Tarayyar Turai mai saye na da garantin doka na aƙalla shekara biyu, amma a kan kantin da ya sayar yake, kantin kuwa yana can. Wa zai ɗauki kwamfuta daga Silet ya kai Marsai?

Wani abin kuma shi ne tsohuwa da ake yi wa wanka a sayar da sunan sabuwa. Wannan ya ƙaru tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Ofisoshin Turai na sauke irin waɗannan, mu kuma nan suke nufowa. Sayen ta hannu ba laifi ba ne, mu ma da yawanmu ita ce daidai aljihunmu. Laifin shi ne a sayar maka da ita a kuɗin sabuwa, ko a ce maka ta hannu ba ta da garanti, alhali doka ta ba ta wata 3.

Haka nan mu yarda cewa muna da sakaci wajen riƙo. Mu kanmu da ke wannan rubutu mun sha ɗora tamu a kan darduma ko bargo, wanda ke toshe ramukan iska. Mun sha aiki da ita ga tiren shayi a gefe. In shayi ya zube a ciki, wannan kam ba garantin da zai karɓe ka, kuma masu gyara na gane alamar ruwa da sun buɗe. Haka in ta faɗi gilashi ya fashe, ko ka kai wa yaron unguwa ya kwance ta tun garanti bai ƙare ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi ma mai kanti a yi masa adalci. Ribarsa a kan kwamfuta ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, ba shi da kayan gyara, shi ma in ya kira Alje sai ya yi ta jira. Amma wannan matsala ce tsakaninsa da wanda ya ba shi kaya. Bai kamata ya sauke ta a kan malamin makaranta ko ɗalibin jami'a ba.

SHAWARA GA MAI NIYYAR SAYE

Abin da muka koya a taƙaice shi ne, garanti a ranar saye ake samunsa, ba a ranar da kaya suka lalace ba. Don haka ga abin da muke ba 'yan'uwa shawara:

Kada ka bar kanti sai da faktir mai hatimi da kwanan wata, da takardar garanti mai ɗauke da sunanka, da sunan kantin da adireshinsa, da irin na'urar, da farashinta, da tsawon garantin. Ka juya kwamfutar ka duba lambar da ke jikinta, ka tabbata ita ce aka rubuta a takarda, ita ce kuma a jikin kwali.

Manyan kamfanoni na da shafi a intanet inda ake shigar da wannan lamba a ga ranar da garantinta ya fara da ranar da zai ƙare. Ka sa a duba maka a gaban mai kanti. In aka ce sabuwa ce amma shafin ya nuna garantinta ya ƙare shekara biyu da suka wuce, ka san inda aka dosa.

Ka kunna ta a kantin, ka gwada kowane harafi, da kowace kafar caji da ta filashi, da sauti, da kyamara. Doka ta ba ka wannan dama, kada ka yi cinikin biri a sama.

Ka tambayi mai kanti tun kafin ka biya: in ta lalace ina za a kai ta, wa zai biya kuɗin mota, kwana nawa za ta yi? In zai yiwu ya rubuta amsar a bayan faktir.

Ka ɗauki hoton takardun da wayarka, domin tawadar tikitin kanti kan goge cikin 'yan watanni, balle a zafinmu.

Ranar da za ka kai ta gyara, kada ka miƙa ta hannu da hannu kawai. A ba ka takardar karɓa mai kwanan wata, domin daga ranar ne kwana 30 ke fara ƙirguwa.

In wa'adi ya cika ba a yi kome ba, ka rubuta wasiƙa mai rajista. In ba ka iya Larabci ko Faransanci ba, ka zo wurin malamin makarantar unguwarku, aikinmu ne. In wasiƙa ba ta yi ba, akwai ofishin kasuwanci na wilaya a Tamanrasat, wanda ke karɓar ƙorafin masu saye, akwai kuma ƙungiyoyin kare mai saye irin su APOCE.

A gida kuwa, a ɗora ta a kan tebur ko katako, a lulluɓe ta in an gama, kada a bar ta cikin mota a rana, a kuma samo ɗan akwatin nan mai kare na'ura daga hauhawar wutar lantarki. Uwa uba, duk abin da ke da muhimmanci a kwafe shi a filashi kowane mako. Garanti na iya mayar maka da na'ura, amma ba zai mayar maka da makin yara ko kundin kammala karatun ɗanka na jami'a ba. Masu gyara ma sau da yawa kan goge kome.

KIRA GA WAƊANDA ABIN YA SHAFA

Muna kira ga kamfanonin da ke shigo da kwamfuta da masu harhaɗa ta a cikin ƙasa, su buɗe wuraren gyara amintattu a Tamanrasat, su horar da samarinmu, waɗanda da yawansu sun riga sun iya gyaran waya da kwamfuta a ƙananan shaguna. Gari mai jami'a da filin jirgin sama da kasuwar Assihar bai cancanci a ce sai an yi tafiyar kilomita 2,000 kafin a sauya fanka ba. Muna kuma fatan hukuma za ta duba abin da Faransa ta fara a 2021, inda aka tilasta liƙa wa kwamfutar tafi-da-gidanka maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaranta, don mai saye ya sani tun kafin ya biya. Ga mutumin da ke zaune nesa da masu gyara, wannan maki ya fi masa launin kwali amfani.

Ga 'yan kasuwarmu kuwa, ba da faktir ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ku da mu baki ɗaya. Ga iyaye da ke shirin saya wa yaran da suka ci bakaloriya kwamfuta kafin su tafi jami'a, muna roƙon ku da ku yanke wannan shafi ku ajiye, ku tafi da shi kanti.

Tamu dai tana nan tana aiki, mun yi mata ɗan teburi, mun ɗinka mata riga, takardunta kuma na cikin jakar nan tare da takardun haihuwa. Allah ya sa mu dace, ya kuma kare mu daga asara, amin.